Jinsi na Uku a Sifaniyanci: Tarihin Dogarau "Lo Que" da "Lo Cual"

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littafin nahawun Sifaniyanci zai tarar tun a shafukan farko an gaya masa cewa sunayen harshen jinsi biyu gare su, namiji da tamata, kamar dai Hausa. In ya ƙara gaba kaɗan sai ya ci karo da wasu 'yan kalmomi waɗanda ba su shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba, wato esto, eso, aquello, ello da kuma lo. Ba su da jam'i, kuma babu wani suna a ƙamus da suke yi wa rakiya. Daga wannan lo ne aka gina wakilan suna dogarau guda biyu, lo que da lo cual, waɗanda aikinsu shi ne komawa ga magana ko tunani ko wani hali da aka shiga. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Vendió la vaca, la cual era vieja.
"Ya sayar da saniyar, wadda ta tsufa."
(2) Vendió la vaca, lo cual sorprendió a todos.
"Ya sayar da saniyar, abin da ya ba kowa mamaki."

A jimla ta (1) dogarau yana komawa ga saniya, shi ya sa ya ɗauki jinsin tamata. A jimla ta (2) kuwa ba saniyar ce ta ba da mamaki ba, sayarwar ce, kuma babu suna a jimlar da ke ɗauke da wannan ma'ana. Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda aka yi harshen da ya yar da jinsi na uku daga sunayensa ya ci gaba da riƙe shi a wannan gurbi. Turawa suna kiran wannan jinsi da wata kalma ta Latin wadda ma'anarta ita ce "ba ɗaya daga cikin biyun ba". Wasu kan fassara ta da "tsaka-tsaki", amma fassarar tana sa a zaci wani abu ne da ke tsakanin namiji da mace. Saboda haka a nan za a kira shi jinsi na uku kawai.

2.0 Yadda Sunaye Suka Rabu da Jinsi na Uku

Sojojin Rum sun sauka a gabar Sifaniya, a garin Ampurias, a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin yaƙinsu na biyu da Kartaj. Ba su gama mallakar tsibirin ba sai shekara ta 19 kafin haihuwar, a zamanin Augustus. Latin ɗin da suka kawo jinsi uku gare ta cikakku, kuma jinsi na uku yana da ɗimbin sunaye: vinum "giya", folium "ganye", tempus "lokaci", corpus "jiki". Sai dai tun a wancan zamani babu wata ma'ana guda da ta haɗa su. Abubuwa marasa rai da yawa suna cikin jinsin namiji ko na tamata, ke nan mai magana ba shi da abin dogaro in ban da ƙarshen kalma.

To, ƙarshen kalmar ne ya zaizaye. A babban rukunin sunayen Latin, namiji yana ƙarewa da -us in shi ne mai aiki a jimla, da -um in shi ne karɓau. Jinsi na uku kuwa -um yake ɗauka a duka wuraren biyu. Sunayen Sifaniyanci daga sigar karɓau suka fito, kuma tun da wuri Rumawa suka daina furta -m ta ƙarshen kalma. Ta haka lupum "kyarkeci", wanda namiji ne, ya zama lobo, shi kuma vinum ya zama vino. Kunne ba ya jin wani bambanci. Akwai shaida cewa ruɗanin ya tsufa, domin Petronius, wanda ya rasu a shekara ta 66 zamanin Nero, ya sa wa 'yantattun bayi na cikin littafinsa Satyricon kalmomi irin su vinus da caelus da fatus a baki, wato sunayen jinsi na uku da aka mai da su maza.

Jam'in ya bi wata hanya dabam. Jam'in jinsi na uku da -a yake ƙarewa, daidai da tilon tamata, sai masu magana suka ɗauke shi mace ce tilo. Folia "ganyaye" ta zama hoja "ganye", vota "alkawura" ta zama boda "bikin aure", ligna "itatuwa" ta zama leña "itacen wuta", a yayin da tilonta lignum ya ba da leño "gungume". A wannan misali na ƙarshe har yau ana jin ƙamshin jam'i, domin leña tari ce, ba a ƙirga ta ɗaya-ɗaya. Su kuma tempus da pectus, sun shigo tsohon Sifaniyanci a matsayin tiempos da pechos. Da yake -s alamar jam'i ce a harshen, sai aka yanke ta aka ƙirƙiro sabon tilo, tiempo da pecho. Ba dukkan 'ya'yan Latin ne suka yi wannan shara sarai ba. Romaniyanci yana da rukunin sunaye da suke maza a tilo, mata a jam'i, kuma Italiyanci yana da irin su uovo "ƙwai", jam'i uova.

3.0 Abin da Ya Tsira, da Dalilin Tsirarsa

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Nunau na Latin suna da siga uku-uku, kuma Sifaniyanci ya gaje su duka:

(3) iste, ista, istud > este, esta, esto
ipse, ipsa, ipsum > ese, esa, eso
ille, illa, illud > él, ella, ello

Shi ma aquel, aquella, aquello daga ille ya fito, da wani ɗafi na nuni a gabansa. Inda ille ya rasa ƙarfin furuci kuwa, sai ya gajarce ya zama el, la, lo.

Abin lura shi ne, sigogin namiji na nan daga sigar mai aiki suka fito, saɓanin sunaye. Da a ce daga karɓau aka ɗauko su, da istum na namiji da istud na jinsi na uku duk sun faɗa cikin esto, bambancin ya ɓace kamar yadda ya ɓace tsakanin lobo da vino. Hasali ma haka ya faru a wakilin suna karɓau, inda illum da illud suka haɗe: lo vi tana iya nufin "na gan shi" ko "na ga abin". A ganina, ba dace ba ne kawai ya sa masu magana suka riƙe iste kusa da istud. Suna da buƙatar wannan bambanci. A Latin ma jinsi na uku aiki biyu yake yi. Na farko shi ne dacewa da sunaye irin su vinum. Na biyu shi ne nuni ga abin da ba shi da suna: jimla sukutum, ko aikatau da aka mai da shi suna, ko abin da mai magana ya gani bai san mene ne ba. Aiki na farko ya mutu tare da sunayen. Na biyu bai dogara da su ba, kuma babu harshen da zai iya zama ba tare da wata dabara ta yin sa ba. Basifaniye da ya hango wani abu a duhu cewa yake ¿qué es eso?, domin bai san sunan abin ba, balle ya san jinsinsa.

Ba nunau kaɗai suka tsira ba. Algo "wani abu" daga aliquod take. Tsohon harshen yana da ál "wani abu dabam", wadda ta ɓace daga baya. Wakilin suna hoc ya mutu a Sifaniyanci, amma ƙashinsa yana nan binne cikin mahaɗin pero "amma", daga per hoc, alhali a Kataloniyanci yana raye a sigar ho.

4.0 Lo Que da Lo Cual: Ɗan Kasuwa da Ɗan Fada

Dogarau na Latin, qui, quae, quod, yana dacewa da sunan da ya koma gare shi a jinsi da adadi. Duk waɗannan sigogi sun narke sun zama que guda ɗaya, marar jinsi marar jam'i, kwatankwacin "da" ta Hausa. Quien, daga quem, ta keɓanta ga mutane, kuma ba ta sami jam'inta quienes ba sai a ƙarni na 16. To, in que ba ta nuna jinsi, yaya za a gane abin da take nufi? Sai aka sa mata nunau a gaba. Latin tana da id quod da illud quod, wato "abin nan da", kuma wannan ginin ne ya zama lo que. Ana samun sa birjik a waƙar Cantar de Mio Cid, wadda rubutunta ke ɗauke da sunan Per Abbat da shekarar 1207. Ke nan lo que gado ne na baki-da-baki, ya girmi rubutun harshen.

Da yake an yi fassara mai yawa daga Larabci a birnin Toledo, wani zai iya jarabtuwa ya danganta lo que da "ma" ta Larabci, wadda malaman nahawu ke kira mausula. Kamar tana nan, amma hujja ba ta goyi bayan haka ba. Faransanci yana da ce que, Italiyanci yana da ciò che, Fotugisanci yana da o que, duk ginin ɗaya ne, nunau na jinsi na uku da dogarau, har a ƙasashen da Larabci bai zauna ba.

Tarihin lo cual dabam ne. Qualis a Latin tambayar iri take yi, "wane iri". Haɗa ta da el, la, lo a mai da ita dogarau, abu ne da ya fara bayyana a ƙarni na 13, galibi a takardun shari'a da rubuce-rubucen malamai. Lokacin ya dace da sauyin da aka yi a fadar Kastil. A zamanin Fernando na III magatakardan fada suka riƙa barin Latin suna rubuta takardu da harshen gari, ɗansa Alfonso na X (1252–1284) kuma ya sa aka rubuta dokoki, Siete Partidas, da tarihi, Estoria de España, da ilmin taurari duk da harshen. Mai rubuta doka yana da wata matsala da mawaƙi ba shi da ita. Jimlarsa doguwa ce, sunaye sun yi yawa a ciki, kuma in aka sami ruɗani kan wanda que take nufi, to gona ko gado na iya salwanta. El cual, la cual, los cuales suna nuna jinsi da adadi, sai suka share masa hawaye. Lo cual kuma ta ba shi abin da zai tattara duk maganar da ta gabata ya ɗora hukunci a kanta: por lo cual, "saboda haka".

Akwai kuma kwaikwayon Latin. Marubutan Rum sun saba buɗe sabuwar jimla da dogarau don su ɗaure ta da wadda ta wuce. A ƙarni na 15, lokacin da irin su Enrique de Villena, wanda ya fassara Aeneid wajen 1428, da Juan de Mena suka himmatu wajen sa wa harshensu rigar Latin, sai el cual ya yawaita ƙwarai, har da ginin da ake maimaita suna a bayansa, kamar la cual cosa, wato "wanda abin". A ƙarni na 16 da na 17 salon ya zauna daram a zube. Mai karanta Don Quijote na Cervantes (1605 da 1615) zai yi ta cin karo da lo cual tana ɗinke aukuwa da aukuwa, a yayin da kanun babi da yawa suke farawa da de lo que, "game da abin da". Kataloniyanci na yau a kan wancan tsohon gini ya tsaya: inda Basifaniye zai ce lo cual, Bakataloniye la qual cosa ko cosa que yake rubutawa. Kalmar cosa "abu" ce, ke nan ya bi hanyar da Hausa ta bi a "abin da".

Wannan asali biyu shi ya haifar da rabon aikin da ake gani yau:

(4) Llegó tarde, lo que / lo cual molestó al jefe.
"Ya makara, abin da ya ɓata wa shugaba rai."
(5) Lo que dices es verdad.
"Abin da kake faɗa gaskiya ne."
(6) Toma el que quieras. / Toma lo que quieras.
"Ɗauki wanda kake so." / "Ɗauki abin da kake so."

A (4) ana iya sa kowanne, domin akwai magana a baya da za a koma gare ta. A (5) da (6) ba ya yiwuwa a sa lo cual ko kusa. Ba ta iya tsayuwa da ƙafarta, sai ta jingina ga abin da aka riga aka faɗa, domin don wannan aiki aka ƙera ta tun farko. Amma tana da inda ta fi ƙarfi. Cual kalma ce mai ƙarfin furuci, que kuwa ba ta da shi, saboda haka bayan dogon harafi an fi zaɓar ta: a pesar de lo cual "duk da haka", después de lo cual "bayan haka". A hira ta yau da kullum lo que ce ta mamaye fili. Lo cual tana da warin takarda, ko da yake 'yan boko ba su rasa ta a baki.

5.0 Gardamar Masana Nahawu

Antonio de Nebrija ya buga nahawun Kastiliyanci na farko a Salamanca a watan Agusta na 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi. Malamin Latin ne, kuma da idon Latin ya dubi harshensa. Ya lissafa jinsi har bakwai, ya kuma ce mafayyata uku ne, el da la da lo, inda ya ba da misalin jinsi na uku da sifofi irin su lo bueno "abu mai kyau". Tun daga misalin ana ganin matsalar: bai sami suna ko ɗaya da zai kawo ba. Hukumar harshe ta Sifaniya, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, ta bi sawunsa a nahawunta na 1771.

Wanda ya girgiza wannan ra'ayi shi ne Andrés Bello, haifaffen Karakas (1781–1865), a nahawun da ya buga a Santiago ta Chile a 1847. Bello ya ƙi yarda a auna Sifaniyanci da mudun Latin. Ya ce in dacewar sifa da suna ake dubawa, jinsi biyu ne kawai. In kuma ana duban yadda ake sake ambaton abin da ya gabata ta hanyar nunau, to uku ne. Wannan rarrabewa ita ce mabuɗin al'amarin, kuma ita ce aiki biyun da aka ambata a sashe na 3.0. Daga nan ya yanke cewa lo gajartacciyar sigar ello ce, wato ita ce kan yankin, sifar da ke biye da ita kuwa bayaninta take yi. Game da lo que, ya lura cewa wani lokaci kalma biyu ce, wani lokaci ɗaya. A (5) lo tana da nauyinta, ana iya maye ta da aquello. A (4) kuwa lo que dunƙule take, daidai da lo cual.

Manazarcin Hausa ba zai rasa jin wannan tambaya a jikinsa ba. Ƙa'idar rubutu ta ce a haɗe "wanda" a raba "abin da", alhali ginin ɗaya ne: suna, da madanganci, da "da". A jimla irin "ya makara, abin da ya ɓata wa shugaba rai" babu wani "abu" da za a nuna da yatsa. Kalmar ta zama fanko, aikin dogarau kawai take yi, kamar "lamarin da" da ta cika labaran rediyo. Bambancin shi ne Hausa ba ta taɓa samun jinsi na uku ba, sai ta ari suna ta ba shi dacewar namiji.

Gardamar ba ta ƙare da Bello ba. Emilio Alarcos ya riƙe cewa lo mafayyaci ne mai mai da sifa suna. Ignacio Bosque da Juan Carlos Moreno, a wata maƙala ta 1990, sun koma ɓangaren Bello, suka kuma rarrabe ma'anoninta uku: ta ware abu, ta nuna matsayin sifa, da ta nuna yawa. Babban nahawun Hukumar na 2009 ya ci gaba da kiran ta mafayyaci, amma ya bayyana ƙarara cewa sunayen Sifaniyanci ba su da jinsi na uku. Ni dai na fi karkata ga Bello, saboda misali irin wannan:

(7) No sabes lo cansadas que están.
"Ba ka san irin gajiyar da suka yi ba."

Sifar cansadas tamata ce jam'i, amma lo ba ta motsa ba. Mafayyaci na gaske dacewa yake yi da abin da ya raka. Gaskiya ne wannan gini yana da wuyar sha'ani ga ɓangarorin biyu, domin a nan lo ta fi kama da ma'aunin yawa. Duk da haka, ya fi sauƙi a fahimci yadda wakilin suna mai nufin "gwargwadon nan" ya kai ga wannan aiki, a kan a ce mafayyaci ne ya ƙi dacewa da abokin tafiyarsa.

6.0 Saura a Kare-karen Harshe

Ello, wadda ita ce cikakkiyar magajiyar illud, ta ja baya a bakin jama'a, eso ta ƙwace mata wuri, ta koma ta rubutu kamar lo cual. Amma a Jamhuriyar Dominika, musamman yankin Cibao, ana jin ello hay "akwai" da ello llueve "ana ruwa", inda take cike gurbin mai aiki ba tare da nufin komai ba. Pedro Henríquez Ureña ya yi rubutu a kanta a 1939.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa yana arewacin Sifaniya, a Asturias da Cantabria. Ramón Menéndez Pidal ya lura da alamunsa a yankin Lena, Dámaso Alonso kuma ya yaɗa sunan da ake kiransa da shi, wato jinsi na uku na kayan da ba a ƙirgawa. A Asturiyanci sifa tana da siga uku, bonu, bona, bono, kuma ta ukun tana bin sunayen abin da ake aunawa, ko da sunan tamata ne: l'agua ta frío "ruwan da sanyi", maimakon fría. A Lena pilu gashi ne ƙwaya ɗaya, pelo kuwa suma ce. Irin wannan yana nan a kudancin Italiya, inda mutanen Napoli ke bambanta 'o fierro "ƙarfen guga" da 'o ffierro "ƙarfe".

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin ragowar sunayen jinsi na uku na Latin. Inés Fernández-Ordóñez, a binciken da ta buga a 2006 da 2007, ta nuna cewa dacewar ta fi ƙarfi a wakilin suna, ta ragu a sifar da ke bayan aikatau, ta ƙara raguwa a sifar da ke manne da suna, kuma mafayyacin da ke gaban sunan yana nan a jinsinsa na asali. Daga wannan ta fahimci cewa daga wakilin suna abin ya taso ya bazu zuwa sifa. Hujjar tana da ƙarfi, tun da aqua a Latin tamata ce, ba ta taɓa zama cikin jinsi na uku ba. Lo ɗin da ke nuni ga magana da hali, abubuwan da ba su da iyaka balle a ƙirga su, ita ce manoman Asturias suka miƙa ga ruwa da madara da itacen wuta.